Daɗin Hawa da Sauƙin Gyara: Zaɓen Babur a Ƙasar Yauri Bisa Ma'aunin Shari'a

Tambayar ko ya dace mumini ya sanya jin daɗi cikin dalilan da yake dubawa yayin sayen abin hawa, ko kuwa amfani kaɗai ne abin lura, tsohuwa ce a wurin malamai, sai dai a yau ta fi fitowa fili a kan babur fiye da doki ko raƙumi. A ƙasar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi, tambayar tana da nauyi na musamman, domin tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya mamaye tsofaffin garuruwa da tsibirai, aka sake wa dubban Gungawa da Kambari da maƙwabtansu matsuguni, kuma da yawa daga ƙauyukan bakin ruwa har yanzu ba sa haɗuwa da kwaltar da ta taso daga Jega ta ratsa Yelwa zuwa Kontagora sai ta hanyoyin burji da na ƙafa, waɗanda damina ke mayar da su taɓo, rani kuma ya mayar da su yashi.

Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Almuwafaƙat cewa maslahohin da shari'a ke kiyayewa hawa uku ne: larurori, waɗanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, buƙatu, waɗanda rashinsu ke jawo ƙunci ko da ba ya halakarwa, da kyautatawa, waɗanda ke ƙawata rayuwa. Idan aka ɗora babur a kan wannan ma'auni, za a ga cewa ga manomin da ke kai albasa ko shinkafa kasuwa, da masuncin da kifinsa ke jiran mai saye a garin Wara, da ɗan kabu-kabun da ke ciyar da iyali da shi, babur yana cikin buƙatu, har ma yakan haura zuwa larura a daren da za a kai mai naƙuda asibiti. Daɗin hawa kuwa yana hawa na uku, kuma ƙa'idar Shaɗibi ita ce na ƙasa yana hidima ne ga na sama, ba a karɓarsa idan zai rushe abin da ya zo ya cika.

Wannan ba ya nufin jin daɗi abin ƙyama ne, domin aya ta 8 a Suratun Nahli ta ambaci dabbobin hawa cikin ni'imomin Allah, ta kuma haɗa musu manufa biyu, hawa da ado, sannan hadisin da Ibnu Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na dacewar ɗan Adam, tare da mace tagari da gida yalwatacce da maƙwabci nagari, kamar yadda ya lissafa mugun abin hawa cikin abubuwan wahala. Saboda haka wanda ya nemi babur mai taushin kujera, wanda ba ya girgiza ƙugu a kan gargada, wanda giyarsa ke shiga ba gardama, bai fita daga zuhudu ba, tun da zuhudu, wato rashin ɗamfaruwar zuciya da duniya, aiki ne na zuciya, kuma ba a auna shi da yawan azabar da jiki ya sha a hanya.

Inda batun ya fi zurfi shi ne sauƙin gyara, domin shi ba siffa ce da ke cikin ƙarfen babur kaɗai ba, dangantaka ce tsakanin babur da garin da zai zauna a ciki. Babura irin Bajaj Boxer na Indiya, da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, sun yaɗu a arewacin Nijeriya ne saboda injinsu ƙarami ne mai silinda ɗaya da iska ke sanyaya shi, kafiretarsu ana iya kwance ta a wanke a gindin bishiya, fulogi da sarƙa da robar birki suna samuwa a kusan kowace kasuwar ƙauye, kuma yaron bakanike ma ya san cikinsu. A bakin tafki akwai ƙarin dalili, wato nauyi, tun da sau da yawa ana ɗora babur a cikin kwalekwale a tsallaka da shi, kuma wanda mutum biyu za su iya ɗagawa ya fi wanda sai an tara jama'a. Babban babur mai ƙarfin gudu wanda na'urar lantarki ke sarrafa mansa yana iya fin waɗannan daɗi a kan kwalta, amma ranar da ƙaramin abu ya lalace a cikinsa sai an aika Sakkwato ko Kano, wani lokaci har Legas, ya yi makonni a jingine yayin da albasa ke ruɓewa.

A nan ne hanin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi game da tozartar da dukiya, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba, yake shigowa. Israfi, wato wuce iyaka wajen kashe dukiya a kan abin da asalinsa halal ne, ba shi da adadi guda ga kowa, ana auna shi ne da halin mutum da wurinsa, abin da Hausawa ke nufi da daidai ruwa daidai tsaki. Kuɗin babur kuma ba ya ƙarewa a ranar ciniki, domin juyen baƙin mai da sauyin taya da fetur suna biye, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa shan mai ya zama abin da mai saye ke fara tambaya. Wanda ya sayi abin da ba zai iya riƙewa ba ya ɗora wa kansa bashi ko roƙo, ya kuma tauye ciyarwar iyali wadda take wajibi domin abin da bai wuce halal ba.

Ya kamata kuma a rarrabe daɗi iri biyu. Akwai na natsuwa, wanda mahayi ke samu idan ya amince da birkinsa da fitilarsa, akwai kuma na ganganci, wanda ake nema ta hanyar tsere da wasan babur a bukukuwan aure, kuma wannan na biyu yana karo da ƙa'idar hana cuta da cutarwa wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, tun da ran mahayi amana ce, na mai tafiya a ƙasa kuma haƙƙi ne. Haka nan siffofin da suka sa babur ya zama rahama ga manomi, wato juriya da iya ratsa daji, su ne 'yan bindiga suka yi amfani da su lokacin da suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, abin da ke tabbatar da maganar malaman usulu cewa hanya tana ɗaukar hukuncin manufar da aka bi ta dominta.

Abin da ya fito daga wannan duka shi ne jerantawa: mai saye ya fara duba abin da aikinsa ke buƙata, sannan abin da aljihunsa da bakaniken garinsa za su iya ɗauka, sai ya zaɓi mafi daɗin hawa a cikin waɗanda suka tsallake sharuɗɗan nan biyu, ba tare da jin ya yi laifi ba. Jin daɗin da aka samu bisa wannan tsari ni'ima ce da ake gode wa Allah a kanta, kuma daga cikin godiyar akwai juye mai a kan lokaci, da gyara birki kafin a ɗauki fasinja, da bayyana aibin babur ga wanda za a sayar wa, domin fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da haja idan aka ɓoye masa aibinta.