Mu Tambayi Tsofaffinmu Asalinmu Tun Suna da Rai

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, da za a tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a a ce kowa ya lissafa kakanninsa, da yawa daga cikinmu ba za mu wuce na uku ba. Yaro zai jera maka sunayen ƴan ƙwallon Turai 11 bai yi tuntuɓe ba, amma ka tambaye shi sunan wanda ya haifi kakansa, sai ya sunkuyar da kai. Ba laifinsa ba ne. Mu ma da muka haife shi ba mu tambaya ba.

Alhali sanin asali yana da gurbi a cikin addini. A Suratul Hujurati, aya ta 13, Allah ya bayyana cewa rarraba mutane dangi dangi da ƙabila ƙabila an yi shi ne domin su san juna, kuma ya ajiye fifiko a wurin taƙawa. Imamu Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke umurtar mu da mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga cikin nasabarmu. Sayyidina Abubakar Siddiƙu (R.A.) shi ne ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa a zamaninsa. Nasabar Manzon Allah (S.A.W.) kanta malamai sun tabbatar da ita tun daga mahaifinsa Abdullahi har zuwa Adnanu, mutum 21, daga nan suka dakata, domin abin da ke gaba babu tabbas a cikin jerinsa. A lura da wannan dakatawar: inda sani ya ƙare, nan harshe ya kamata ya tsaya.

To, a ƙasarmu ina ake samun wannan ilimi? Takardar haihuwa ba ta wuce sunan uba da uwa, kuma yawancin kakanninmu ba su taɓa mallakar ta ba. Tsagar fuska da a da ake gane Bagobiri da Bakatsine da ita, an bar yin ta. Abin da ya rage yana cikin ƙirjin tsofaffi, musamman tsofaffin mata, domin su ne ke wurin biki da wankan jego da yaye, su ne suka san wa ya haifi wa.

Mun ga haka da idonmu sa'ad da muka je gaida ƙanwar kakanmu a wani ƙauye kusa da Tsibiri, ita kaɗai ta rage a cikin tsararrakinta. Da muka durƙusa muka gaishe ta, sai ta ce, "Kai angona, sai da ka ga na kama hanyar kushewa ka tuna kana da mata?" Muka ce, "A gafarce mu, Kaka, mun zo ne ki faɗa mana su wane ne mu." Ta yi dariya ta ce, "Kun makara, amma ku zauna."

Ba ta san shekarar haihuwarta ba, sai dai ta ce tana tallar fura lokacin da ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi. Wannan ambaliya a 1945 aka yi ta, ke nan ta kai shekara 90 ko ta kusa. Ubanta kuwa, in ji ta, a goye aka fito da shi daga Adar a shekarar Ƙaƙalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914. Haka tsofaffi ke lissafi, da yunwa da fara da mutuwar sarakuna, kuma wanda ya san shekarun waɗannan abubuwa zai iya mayar da maganarsu tarihi. A wannan gudun yunwa ƴan uwa biyu suka rabu: kakanta ya tsaya a Gobir, ƙanensa ya zarce ƙasar Katsina, wajen Jibiya, bayan Turawa sun riga sun kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ashe muna da dangi a can, muna ratsa garinsu zuwa kasuwa shekara da shekaru ba mu taɓa yi musu sallama ba.

Ana cikin hira sai aka ambaci wani aure da ake shiri a cikin dangi, har an kai kuɗin gaisuwa. Tsohuwa ta tashi zaune ta ce a maimaita mata sunayen. Da aka maimaita, ta ce wannan aure ba ya yiwuwa. A yunwar 1984 zuwa 1985, wadda talakawa suka sa ma suna El-Buhari, wata maƙwabciya ta kwanta ciwo da jinjiri a hannu, nononta ya ƙafe, sai surukar tsohuwar ta haɗa shi da nata ɗan ta shayar da su har wata biyu. Wancan jinjiri shi ne uban yarinyar da ake nema, mai neman kuwa autan matar da ta shayar. Ita mai shayarwar ta rasu, uban yarinya kuma ba a taɓa gaya masa ba.

Wasu suka ce ai ba da autan aka sha nonon ba, da wansa ne. Wannan kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai a cikinmu, kuma wajibi ne a gyara shi. Duk yaron da mace ta shayar cikin shekara biyu na farko ya zama ɗanta, kuma dukan ƴaƴanta, na gabansa da na bayansa, sun zama ƴan uwansa. Saboda haka saurayin nan baffan yarinyar ne ta wajen nono, shayarwa kuwa tana haramta abin da haihuwa ke haramtawa. A mazhabar Imamu Malik ba a ƙidaya yawan sha. In nono ya isa ciki ko sau ɗaya ne, hukunci ya tabbata. Gaskiya ne malamanmu ba su raba aure a gaban alƙali da shaidar mace ɗaya, amma sun so a nisanci abin, kuma Buhari ya kawo labarin Uƙbatu ɗan Harisu (R.A.), wanda wata mata ta ce ta shayar da shi da matarsa, ya hau ya tafi Madina ya tambaya, Annabi (S.A.W.) ya nuna masa ya rabu da ita. A namu al'amarin an bincika an sami wata tsohuwa ta biyu a unguwar da ta tabbatar, aka mayar da kuɗi, kowa ya yi haƙuri. An yi kuka, ba shakka. Amma ku auna wannan kuka da wanda za a yi in da sai bayan haihuwa uku maganar ta fito.

Haka batun gado yake. Rigimar gona da ke cika fadar hakimai da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, da yawanta daga rashin sanin magada take tasowa: an manta da ƴa mace da aka aurar nesa, ko ɗan baffa da ya tafi cin rani bai dawo ba. Ba a iya aiki da ayoyin gado na Suratun Nisa'i sai an san waɗanda mamaci ya bari.

Sai mu zo ga wurin da zuciya ba ta so. A gidanmu an daɗe ana faɗin cewa kakanninmu daga Gabas suka zo, har wasu sun fara raɗa cewa akwai jinin sharifai. Tsohuwa ta ce ita ba ta taɓa jin haka a bakin ubanta ba. Abin da ta ji shi ne, kakan kakanta Azne ne, yana yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya kafin shuka, kuma ɗansa ne ya musulunta a hannun wani malami matafiyi. Ta ƙara da cewa uwar kakanta ba ƴar gari ba ce, kamo ta aka yi tana yarinya a yaƙe-yaƙen da aka yi ta yi bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, aka sayar da ita, wanda ya saye ta ya sa ta a ɗaka.

Ɗakin ya yi tsit. Wani babba a cikinmu ya ce a bar wannan, kada a rubuta, tsufa ne ya rikita ta. Abin mamaki, awa ɗaya kafin nan shi ne ke yabon ƙarfin tunaninta.

Ya ku bayin Allah, a nan ake gane wanda ke neman asali don Allah da wanda ke nemansa don alfahari. Jingina kai ga uban da ba naka ba da gangan babban zunubi ne, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an haramta wa mai yin haka Aljanna. Zaidu ɗan Harisata (R.A.) an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu, wace nasaba ta fi wannan daraja? Amma da aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka, aka mayar da shi ga sunan ubansa. In ba a bar wa Zaidu ba, yaya za a bar wa wanda ya wayi gari ya ɗaura rawani ya ce shi sharifi ne don a riƙa cika masa hannu da sadaka?

Kuma me ke cikin maganar tsohuwa na kunya? Mahaifin Annabi Ibrahimu (A.S.) gumaka yake bauta wa. Ikrimatu (R.A.) ɗan Abu Jahili ne, ya musulunta ya mutu yana yaƙi saboda Allah. Wanda ya gano kakansa Azne ne, abin da ya kamace shi shi ne ya yi sujadar godiya, ya kuma yi wa malamin nan matafiyi addu'a, wanda ko sunansa ba a riƙe ba. Yarinyar da aka raba da uwarta aka kai kasuwa kuwa, ita aka zalunta; in akwai abin kunya, yana wuyan wanda ya kama ta.

Muna dagewa a kan wannan ne saboda cutar tana nan da ranta. Dokar Nijar ta mayar da bauta laifi tun 2003, amma har yanzu a wasu gidaje, in saurayi ya zo neman aure, ba a tambayar sallarsa da sana'arsa kafin a aika a tono ko kakarsa baiwa ce, ko gidansu maƙera ne ko mahauta ko wanzamai. Sai a ce "ba shi da asali". Wane ɗan Adam ne ba shi da asali? Muslim ya ruwaito cewa alfahari da dangi da sukar nasabar mutane suna cikin halayen jahiliyya da za su daɗe a cikin wannan al'umma. Abu Zarri (R.A.) ya taɓa goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (S.A.W.) ya nuna masa cewa da sauran jahiliyya a tare da shi. Abu Hindu wanzami ne mai yin ƙaho, Annabi (S.A.W.) ya umurci Banu Bayala su ba shi aure su kuma nema a gidansa. Salimu (R.A.) ƴantaccen bawa ne, Abu Huzaifa ya aurar masa da ƴar ɗan uwansa, Baƙuraishiya. Mu da muke cewa mu Malikawa ne, mu sani cewa a wurin Imamu Malik addini ake dubawa a dacewar aure, ba dangi ba.

Akwai kuma iyaka da ba a ƙetarewa. In tsoho ya fara cewa wane ba ɗan wane ba ne, a tsayar da shi cikin ladabi, kada a rubuta, kada a ɗauka a salula, kada a kai gaba. Shari'a ta jingina ɗa ga mijin uwarsa, kuma Suratun Nuri ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Sauran bayani kuwa, a gwada shi da na wani tsoho, a rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a ware shafi na musamman don shayarwa, a ba kowane gida nasa kwafi.

Mun rubuta duk abin da ta faɗa, har da wanda aka ce a bari. Bayan ƙaramar Salla mutum huɗu daga cikinmu suka je wajen Jibiya, suka sami gidan, wani dattijo a can ya kawo labarin rabuwar Ƙaƙalaba kamar yadda muka ji shi, bai rage komai ba. Abu ɗaya ya kuɓuce mana. Mun tambaye ta sunan garin da aka kamo yarinyar nan, ta ce ta gaji, mu dawo in an cire amfanin gona, za ta tuna. Ba a kai ga yankan gero ba aka aiko mana da rasuwarta. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan magabatanmu Musulmi, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba, amin.