Abin kowa ma da ƙofarsa

Ƴan uwa ɗalibai, akwai manhajojin da aka bar cikinsu a buɗe, irin su Linux da Firefox da LibreOffice. Kowa na iya dubawa, in ya ga ɓaraka ya aika da gyara. Gyaran nan shi ake kira faci, kamar dai na taya. To tunda abin na kowa ne, don me sai wani ya duba facinka, har ya iya maido maka da shi?

Ga yadda ake yi a Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a 1991. Kowane faci matsala guda yake gyarawa. Ka faɗi abin da ya lalace da dalilin gyaranka, ka aika wa mai kula da sashen. Tun 2004 kuma sai ka sa sunanka a ƙasa, shaidar kana da haƙƙin bayarwa. In an ce ka sake, ka sake.

Wani zai ce ai sarauta ce aka canja wa riga. Da ƙamshin gaskiya, don mai kula na iya yin girman kai har sabon shiga ya gudu. Amma mu ɗauki Hausa. Nijar muna rubuta ƴaƴa, Najeriya suna rubuta 'ya'ya. Mu a Adar "tahi" muke cewa, Kano "tafi". A ce ɗan Buza ya shiga fassarar wata manhaja ya sauya duka cikin dare, gobe Bakano ya mayar. Kowannensu da hujjarsa, mai amfani ne zai sha wuya. Irin wannan sai an tattauna kafin a taɓa.

Iyayenmu mata da suka jera duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984, layin da aka auna suka bi. Dutse ɗaya ya kauce, ta nan ruwa zai ɓalle. Kai ka aika faci ka tahi abinka, mai kula shi zai yi shekaru yana ɗauke da shi. Nan ya samo ikon cewa a'a.

Shi ma da nasa nauyin: ya amsa, ya faɗi dalili, kar ya wulaƙanta. In ya ƙi, lasisin ya ba jama'a damar kwafar aikin su kama gabansu. Haka LibreOffice ta fito daga OpenOffice a 2010.

Don haka in za ka gyara Hausar wata manhaja, fara da karanta ƙa'idar masu aikin, ka yi sallama, sannan ka kawo ƙaramin faci da dalilinsa.