Sa Tabarau Jayayya Ce da Tsufa?

Kowace shekara, in an buɗe makarantun yaƙi da jahilci bayan girbi, dattawa sukan zo da ɗoki. Kafin wata biyu sai a ga sun ragu. In ka tambayi mutum, sai ya ce, "Malam, kaina ya bushe, karatu sai yara." Amma ka dubi yadda yake riƙe takarda. Yana miƙa hannu yana nesa da ita, yana ƙanƙance ido, yana neman wurin haske. Da yawansu kansu lafiya lau yake. Ido ne.

Cikin idon mutum akwai wani ɗan madubi mai taushi. Shi ke tanƙwara domin mu ga abu na kusa. Daga shekara 40 zuwa 45 sai ya soma tauri, kamar fatar da ta daɗe ba ta sha mai ba. Mutum yana hango raƙumi tun daga bakin gari, amma zare ya ƙi shiga allura. Wannan ba makanta ba ce, ba kuma jifa ba ce. Kowa in ya daɗe a duniya zai same shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2019 cewa mutum wajen miliyan 826 ke cikin wannan hali ba su da tabarau.

To, ga maganar da nake ji wurin waɗansu manyanmu. Sukan ce, "Allah ya ba mu ido, mun more shi. In ya rage hasken, sai haƙuri. Sa tabarau jayayya ce da tsufa." Maganar tana da nauyi, gama wanda ba ya karɓar tsufa ba zai zauna lafiya ba. Sai dai ina da tambaya. Tsohon da ya dogara sanda ya tafi masallacin Juma'a, wa ya taɓa ce masa yana jayayya da Allah? Tabarau sandar ido ce. Ba ta komo da ƙuruciya, ba ta ɓoye furfura. Malamanmu ma sun ce neman magani ba ya ɓata tawakkali. Ilimin haske da gani kuwa ba baƙo ba ne ga Musulmi. Ibn al-Haisam, mutumin Basra, ya wallafa babban littafi a kansa a Alƙahira shekara wajen dubu da suka wuce, tun kafin a ƙera tabarau na farko a Italiya wajen 1290.

Kuma haƙurin nan ba mai idon kaɗai ke biyansa ba. Baduku a Birni in ya daina ganin ɗinki, gidansa ne ya rasa cefane. Haka tela a Kasuwar Dole. Haka uwar da ba ta iya ganin lamba a kan maganin jikanta. Manomin da ya sha wahala ya koyi lissafi, in bai ga abin da aka rubuta a takardar awo ba, ya koma hannun mai cuta.

Tabarau iri-iri ne. Akwai na karatu kaɗai, shi ne mai araha. Akwai mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na kusa, da layi a tsakani. Sai kuma mai hawa-hawa, wanda wani Bafaranshe, Bernard Maitenaz, ya fito da shi a 1959. Shi ba ya da layi. Ƙarfinsa yana ƙaruwa sannu daga sama zuwa ƙasa. Ta sama ka ga allon aji, ta tsakiya ka ga abin da ke kan tabarma, ta ƙasa ka ga baƙi. Gefensa yana ɗan dishi-dishi, sai mutum ya koyi juya kai, ya kuma sunkuya in zai taka matakala. Yakan ɗauki kwanaki kafin a saba. Dole a auna shi da idon mai shi, ba a zaɓensa a faifan ɗan koli, kuma yana da tsada.

A nan ne tsoron dattawa yake da gaskiya. Akwai mai sa tabarau don a ce ya zama ma'aikaci. Wanda nesa ba ta dame shi ba, na karatu ya ishe shi. In ya sayar da akuyar gida ya sayi mai hawa-hawa don taƙama, ni a wurina ya yi ɓarna. Amma mai fama da kusa da nesa duka, wanda aikinsa ke sa shi duban nan da can, kamar malamin aji, in yana da hali ba almubazzaranci ya yi ba. Ina kuma ganin laifin samarin da ke canza wayar salula alhali tsohonsu ya bar duba Alƙur'ani saboda ido.

Tabarau ba ya warkar da yana, ba ya warkar da amodari ko hawan jinin ido. Wanda idonsa ke ciwo, ko yake ganin hazo kusa da nesa, ya tafi asibitin Mirya, ko Magarya, ko Matamai, ko babban asibitin Zinder, a duba shi tukuna kafin ya fidda kuɗinsa.