Kururuwa ta Bakin Waya: Shin Aike Yana Sauke Nauyi?

Gabatarwa

Tun fil azal Bahaushe ya ɗauki kururuwa a matsayin bashi. Da zarar an ji "Wayyo Allah! Jama'a a kawo ɗauki!" to duk kunnen da ya ji ya ci bashi, kuma da ƙafa ake biyansa. Yau ga shi an sami sabon kunne. Wayar salula da ta bazu a Nijeriya daga 2001 ta yi wayon da har ana yi mata magana ta aikata. Kamfanin Apple ya fito da Siri a 2011, Google ya biyo da nasa a 2016. Mutum kan iya umartar wayarsa da baki ta kira 112, wato lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa. Tambayar da wannan maƙala ke son warwarewa ita ce: wanda ya ba waya wannan umarni, ya fita haƙƙin wanda ke cikin halaka?

Alherin Abin

Mu ƙaddara wani mai babur ya faɗi da tsakar dare a Barkin Sale, hannuwansa sun karye, babu kowa kusa. Murya kaɗai ta rage masa. Idan wayarsa ta ji shi ta kira, kiran kyauta ne, kuma Minna na cikin garuruwan farko da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta kafa wa cibiyar karɓar irinsa, inda ake miƙa shi ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra. Ga wannan bawan Allah, da makaho, da tsohuwar da idonta ba ya ganin lambobi, na'urar rahama ce tsantsa.

Inda Gizo ke Saƙa

Matsalar tana ga mai lafiya da ya zo wucewa. A 1968 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Darley da Latané, sun nuna cewa gwargwadon yawan 'yan kallo, gwargwadon raguwar himmar kowanensu, domin kowa na jiran wani ya motsa. Abin tsoro shi ne waya ta zama ita ce "wanin" da za mu riƙa jingina da shi: a furta kalmomi biyu, a ji zuciya ta yi sanyi, a wuce.

Malaman fiƙihu sun sanya ceton rai cikin farali na kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura. Sai dai a lura, aikatawa ce ke saukar da shi, ba aikawa ba. Muddin jini na zuba, wajibin na nan a wuyan wanda ya gani. Waya ba ta danne rauni da ƙyalle, ba ta tare ababen hawa. Siri ba ta jin Hausa, balle Nufanci ko Gwaranci. Bugu da ƙari, lungunanmu da kwatance ake gane su: bayan masallaci, daura da mai shayi. Dole wani ya tsaya a bakin titi ya yi wa motar asibiti jagora.

Wani zai ce tsoron tambayoyin hukuma ne ke korar mutane. Uzurin yana da tushe, amma doka ta rage masa ƙarfi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma hana muzanta wanda ya kai shi. Su ma hukumomin nauyi na kansu, domin kiran da ba a amsa da wuri ba ihu ne bayan hari.

Kammalawa

A 1974 Kirk-Greene ya tattaro siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, irin su amana, karamci da mutunci. Babu ɗaya cikinsu da ake ba ɗan aike ya yi a madadin mutum. Na'ura ta ɗauke mana uzurin "ban sami yadda zan yi ba", don haka nauyi ta ƙara mana, ba ragewa ba. A umarce ta ta kira, sa'an nan a durƙusa kusa da wanda ya faɗi har agaji ya iso. Magabata sun riga sun yanke hukunci: zuwa da kai ya fi aike.