Tafiya Daidai da Ƙafar Yara

Karatun yau: Farawa 33:1-17

Shekara 20 Yakubu ya yi a gidan kawunsa Laban a Haran. Da sanda kaɗai ya bar gida, ga shi yanzu yana komowa da mata, da 'ya'ya maza 11 da mace guda, da barori, da garkunan tumaki da awaki da shanu da raƙuma. A daren jiya ya yi kokawa a bakin rafin Yabbok har gari ya waye, ya fito yana ɗingishi. Yana ɗaga kai sai ga wansa Isuwa tafe da mutum 400, wan nan da ya taɓa cin alwashin kashe shi. Abin da ake tsoro bai faru ba. Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume ƙanensa, suka yi kuka tare.

Yawancin wa'azin da muke ji a kan wannan sura a nan yake tsayawa, a wurin sulhu, kuma wurin ya isa a tsaya. Amma da safen nan mu ɗan gusa zuwa aya ta 12 har ta 14. Isuwa ya kawo shawara ta zumunci, cewa a kama hanya tare, shi da mutanensa su yi musu rakiya. Yakubu ya nemi afuwa. Hujjarsa ita ce yaran ba su yi ƙwari ba, dabbobin kuma suna shayarwa, in aka kora su da ƙarfi yini guda tak to an yi asararsu. Saboda haka ya roƙi wansa ya yi gaba, shi zai biyo baya sannu, gwargwadon abin da ƙafar yara da ta dabbobi za ta iya.

Mai karatu da lura zai ga akwai ɗan wayo a ciki, don Yakubu ya ambaci Seyir, ƙasar Isuwa, amma da aka rabu sai ya nufi Sukkot. Yakubu dai Yakubu ne. Duk da haka, abin da ya faɗa game da tafiya gaskiya ce ta makiyayin da ya sha ranar daji da sanyinsa. Mutum 400 majiya ƙarfi suna da irin tafiyarsu. Ayarin da babban ɗa a cikinsa, Ra'ubainu, da ƙyar ya kai shekara 13, ƙaraminsu Yusufu kuma bai wuce 6 ko 7 ba, shi ma yana da tasa. In aka haɗa su, dole wani ya bi wani. Yakubu ya zaɓi mafi rauni a cikin ayarin ya zama ma'aunin tafiyar gidansa, shi kuma maigida ya rage saurinsa.

Wannan karatu yana zo mini da sabon nauyi a dogon hutun bana. 'Yarmu tana da shekara 4, mahaifiyarta kuma tana da juna biyu, ciki ya shiga wata na 7. A Jos muke, kuma duk wanda ya san Jos a watan Agusta ya san fita da yaro sai da lissafi. Safiya takan yi kyau, da hantsi rana ta ɗan leƙo, amma da rana ta take tsaka sai hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Mai son kai iyalinsa wani wuri sai ya fita da wuri, da laima da rigar sanyi a jaka.

Wata Asabar muka hau keke zuwa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952. Wuri ne da babba zai yini bai gaji ba. Akwai kawunan yumɓu na mutanen Nok, masu shekaru sama da 2,000, akwai tukwane daga ƙabilu daban-daban, can gefe kuma an gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya da jar ƙasa, ga gidan namun daji kusa. Uba yana shiga irin wannan wuri da tsari a kansa: a fara nan, a bi ta can, a gama kafin ruwa ya sauko. Ita kuwa yarinya ba ta san da tsarin ba. Tun daga bakin ƙofa ta tsuguna gaban jerin tururuwa da ke jan guntun gyaɗa. “Baba, tsaya! Ina za su kai shi?” Muka tsaya har suka shigar da gyaɗar rami. Gaba kaɗan ta ga ƙadangare mai jan kai a kan dutse yana gyaɗa kai, ita ma ta tsaya tana gyaɗa masa nata. Duk matakalar da muka tarar sai ta hau ta sauka tana ƙirgawa da ƙarfi. Daga baya kuma ga muryar uwarta: “Maigida, mu ɗan zauna, ƙafata ta fara kumbura.” Muka sami benci a gindin itace, aka sayo gasasshiyar masara, sabuwa ta damina, aka raba uku.

A gaban kejin birai ne yarinyar ta yi abin da har yanzu nake juyawa a zuciya. Ta kalli biri yana ɓare ayaba, ta yi dariya har da tsalle, sai ta juya ta dafa cikin uwarta da hannu biyu, ta kai bakinta kusa, ta ce, “Kai, ga biri! Yana cin ayaba kamar mutum!” Ta ɗago ta tambaya, “Mama, ya ji?” Uwar ta ce ya ji. Ba ƙarya ta yi mata ba, don jariri a wannan watan yana jin sauti daga waje. A lissafina mu uku muka fito. A lissafin yarinyar mu huɗu ne, kuma ba ta yarda a bar na huɗun a baya ba.

Shi wannan na huɗun shi ne mafi sannu a cikinmu duka. Ciki yana da makonninsa 40, ba mai kuɗi ko mai mulkin da zai iya gaggauta shi. A wurin awo ma'aikaciyar jinya takan ɗora 'yar na'urarta a kan cikin, sai a ji bugun zuciya da sauri, kusan ninki biyu na bugun zuciyar babba. Zuciyarsa tana sauri, amma zuwansa ba ya sauri. Mai Zabura ta 139 ya yi tunani a kan wannan ɓoyayyen aiki, ya gane Allah yana ganin mutum tun gaɓoɓinsa ba su cika ba, ya kuma san kwanakinsa tun ba a fara ƙirga su ba. Wanda ya halicci sama da ƙasa da kalma ya ga dama ya ɗauki wata 9 yana siffanta ɗan mutum guda. Idan shi bai yi gaggawa ba, mu me muke wa gaggawa?

Kada kuma mu ɗauka tafiya sannu tana nufin sakaci. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana haɗarin haihuwa ba. Sura biyu kacal bayan karatunmu na yau, a Farawa 35, Rahila matar Yakubu ta kamu da naƙuda mai tsanani a hanyar Efrata, ta haifi Biliyaminu, ita kuwa ba ta tashi ba. Ba iyalin da ke jiran haihuwa da zai karanta wurin nan gabansa bai faɗi ba, kuma a ƙasarmu kusan kowa ya san gidan da irin wannan ya faɗa wa. Saboda haka bin ƙafar mai ciki aiki ne na zahiri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. A damina, lokacin da sauro ya yi yawa, kwana cikin gidan sauro da shan maganin rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa a wurin awo ba abin wasa ba ne. Maigida mai bangaskiya yakan yi addu'a, sa'an nan ya tanadi kuɗin asibiti, ya san motar da zai kira in naƙuda ta zo da tsakar dare, ya san wanda zai ba da jini in an buƙata, ya kuma ɗauki bokitin ruwan da matarsa ta saba ɗauka. Da Yakubu ya isa Sukkot, gida ya gina wa iyalinsa, ya yi wa dabbobinsa bukkoki. “Allah ya sauke ki lafiya” addu'a ce mai kyau, kuma wanda ya faɗe ta yana da rabonsa na aiki a cikinta.

Akwai kuma wata mai rauni da ake saurin mantawa da ita, wato 'yar farin da za a yi wa ƙani. Kowa yana ce mata, “Kin girma, kin zama yaya.” Ita kuwa ta lura cinyar uwarta ba ta ɗaukarta kamar dā, goyo kuma ya ƙare. Wani dare, ana shirin kwanciya, ta tambaye ni, “Baba, in jariri ya zo, a ina zan kwanta?” Tambayar ba ta gado ba ce kawai. Tana so ta ji ko har yanzu tana da wuri. Gidan Yakubu kansa ya nuna mana abin da ke faruwa idan 'ya'ya suka ga ana auna musu ƙauna da mudu daban-daban: riga guda da aka ɗinka wa Yusufu ta kai shi rijiya, daga rijiya zuwa Masar. Yaro ba ya zama yaya a rana ɗaya don manya sun faɗa. Yana buƙatar a ji tambayarsa, a amsa ba da tsawa ba, ko da ya maimaita ta gobe da jibi. Fitar da muke yi da ita a wannan hutu, ko zuwa gidan tarihi ko zagayen unguwa bayan an ɗauke ruwa, tana gaya mata abin da baki ba zai iya ba, cewa ana da lokacinta.

Me ya sa wannan ya shafi bangaskiyarmu? Domin haka Allah yake tafiya da mu. Da ya fito da Isra'ilawa daga Masar, Fitowa 13 ta nuna bai bi da su ta ƙasar Filistiyawa ba, ko da yake ita ce gajeriyar hanya, don ya san in suka ga yaƙi za su karaya su koma. Ya zaɓi doguwar hanya saboda rauninsu. Ishaya 40:11 ta nuna mana shi a matsayin makiyayi mai ɗaukar ƙanana a ƙirjinsa, mai lallaɓa uwayen da ke shayarwa. A Markus 5, Yesu yana kan hanyar gidan Yayirus, inda 'yar shekara 12 take bakin mutuwa, ga taro yana matsa shi, amma ya tsaya cik saboda mace guda da ta taɓa rigarsa, ya saurari labarinta duka. Da ya tā da yarinyar kuma, ana cikin mamaki, shi ne ya tuna a ba ta abinci. Har a darensa na ƙarshe da almajiransa, Yahaya 16 ta nuna ya riƙe wasu abubuwa bai faɗa musu ba, don ba za su iya ɗauka a lokacin ba. A ayarin Allah mu ne yaran. Shekara nawa ya yi yana koya maka abu guda, bai kuwa bar ka a hanya ba?

Bin ƙafar mai rauni yana da tsada, kada a ruɗe mu. Yakubu ya rasa rakiyar mutum 400 a ƙasar da ba a rasa 'yan fashi. Uban da ke komawa gida da wuri zai ga wasu abokan aikinsa sun wuce shi. Uwar da ta rage kasuwancinta saboda ciki za ta ga wata ta ɗauke mata masu saye. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma daɗewar nan takan yi ciwo. Amma mutum yana iya isa inda ya nufa da wuri, ya waiwaya ya tarar ba kowa a bayansa. Yakubu ya isa Kan'ana a makare, da ɗingishinsa, amma da 'ya'yansa duka.

Wataƙila babu ƙaramin yaro ko mai ciki a gidanka. Duk da haka akwai wani a ayarinka da ƙafarsa ba ta kai taka ba: tsohuwar da ke maimaita labari guda, ɗalibin da bai gane ba sai an sake, sabon mai bi da har yanzu yake tuntuɓe, ɗan'uwan da makoki bai sake shi ba bayan kowa ya koma harkarsa. Kafin ka fita yau, ka ambaci sunan mutumin nan a gaban Ubangiji, ka kuma zaɓi abu guda da za ka rage a cikin shirinka na yini domin ka tafi daidai da shi.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, mun gode domin ba ka kore mu da ƙarfin da ya fi namu ba. Ka ba mu haƙurin da za mu jira ƙanana da marasa ƙarfi da ka danƙa a hannunmu. Ka kiyaye dukan mata masu juna biyu, ka sauke su lafiya, ka ba ungozomomi da likitoci hikima da tausayi. Ka ta'azantar da waɗanda suke jiran haihuwa shekara da shekaru, da waɗanda suka yi rashi a wurin haihuwa. Ka kwantar da zuciyar 'ya'yan da za a yi wa ƙanne, ka koya wa iyaye raba ƙauna ba tare da son kai ba. Ka bi da gidajenmu yau cikin salamarka. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.