Hukuncin cire cikin da ya zauna a kan tabon tiyatar haihuwa

Tambaya: Malam, matata sau biyu ana yi mata aiki wajen haihuwa. Yanzu tana da cikin wata biyu, hoto ya nuna ya zauna a kan ɗinkin aikin baya, likitoci sun ce a cire. Ni kuwa ina tsoron alhakin zubar da ciki. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tsoronka yana da tushe. Mazhabarmu ta Malikiyya ta fi sauran tsanani a nan, domin mashahurin zance shi ne haramcin fitar da ciki ko bai kai kwana 40 ba. Amma wannan hukuncin cikin da ya zauna inda ya kamata ne, ba a tsoron ran uwa.

Na matarka daban ne. Wurin ɗinki siriri ne, ba shi da ƙarfin sauran naman mahaifa. Yayin da cikin ke girma, mabiyiya kan kutsa cikin tabon, wani lokaci har ta kai ga mafitsara, ko mahaifar ta fashe, jini ya ɓalle. Wasu da suka jira sun haifi ɗa da rai, gaskiya ne, amma da yawansu sai da aka cire musu mahaifa ɗungurungum. Idan kuwa aka yi aikin tun a watannin farko, ko a zuƙe cikin ana kallon hoto, ko a yanke shi a sake ɗinke tabon, galibi mahaifa kan tsira, mace ta sake ɗaukar ciki.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 1990, ta halatta cire ciki ko bayan kwana 120, wato bayan busa rai, idan amintattun likitoci sun tabbatar barinsa barazana ne ga ran uwa. To, ina ga cikin wata biyu?

Saboda haka ya halatta, ba zunubi a kanku. A fahimtata ma jinkiri bayan an tabbatar shi ne abin tsoro, kuma ba ya cikin tawakkali. Ba ka da ikon hana sa hannu alhali ranta ake jiye wa.

Sharaɗi ɗaya: ƙwararren likitan mata ya tabbatar, in da hali a ji ta bakin na biyu, don akan rikita shi da ɓarin da ya sauko bakin mahaifa. A yi aikin a asibitin da ke da jini a ajiye. Kada a kuskura a kai ta wankin ciki a kemis, ko a ba ta jiƙo.

Wallahu a'alam.