Kwalba Kusa da Burodi

Ƴan'uwa, a Amurka an daɗe ana jayayya: shin ya dace a jera giyar inabi a kantin da ake sayen burodi da madara? Dokar jihar Niyok ta hana. Mutanen jihar Kolorado sun amince da ƙuri'a a 2022. Masu amincewa suna cewa doka ba ta kashe ƙishirwar mashayi, domin haramcin giya na 1920 zuwa 1933 fasa-ƙwauri ya haifa. Gaskiya ne. Amma mu yaron da ke bin mahaifiyarsa kanti muke dubawa: abin da ya saba gani cikin abinci, abinci zai ɗauke shi. Doka ba ta gyara zuciya, amma tana hana sabo. Allah ya tsare mana zuri'a.